Malam-buɗe-littafin da ke kiwo a tumfafiya

Wanda duk ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya san tumfafiya ba ta ƙaranci: bakin titi, kufai, gefen gonaki har madatsar ruwa ta Zobe. To, a kanta ne wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro da baƙin gefe yake saka ƙwai, ɗai-ɗai a bayan ganye. Masana na ce masa Danaus chrysippus.

Na taɓa tsinko ganye mai ƙwai, na sa a tsohuwar robar fenti, na rufe da guntun gidan sauro. Kwana huɗu tsutsa ta fito. Kalacinta na farko? Ɓawon ƙwan da ta fasa.

Wayonta ya fi jikinta. Kafin ta ci ganye sai ta gatsa shi zagaye, ta bari nononsa mai dafi ya tsiyaye, sannan ta cinye tsakiya. Ɗan dafin da ta haɗiya kuwa ajiye shi take a jiki, yana nan har bayan ta yi fiffike. Tsuntsun da ya ci sai amai, kuma ba ya ƙarawa. Shi ya sa malam ke tashi a tsanake, tafiyar ƙasaita sai ka ce hakimi ran hawan sallah. Har akwai macen wani malamin daban, marar dafi ko kaɗan, da ta ari kamanninsa tana cin albarkaci.

Cikin kamar mako biyu tsutsar ta yi saɓa huɗu. Daga nan ta rataye kai ƙasa, ta sake tuɓe fata, ta koma wani ƙunshi kore mai ɗigon zinare kamar ɗankunnen amarya. Ƙanena ya rantse ta mutu. Bayan mako guda da 'yan kwanaki sai ga malam, fiffike a yamutse, yana shanya.

Da ƙafa yake ɗanɗanon ganye. A wajajen Nairobi kuma wata ƙwayar cuta na kashe 'ya'yansa maza tun a ƙwai, sai mata zalla. Ɗan'uwansa na Amurka shi ne sarkin tafiya: daga Kanada har duwatsun Meziko, fiye da kilomita 3,000, masana ma ba su gano masaukinsa ba sai 1975.

In za ka gwada kiwon, sauya ganye kullum, ka kuma wanke hannu. Nonon tumfafiya ba ya wasa da ido.