Yaro Mai Harshe Uku a Ajin Turanci

Wanda aka aika gwajin koyarwa ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, lalle zai tarad da abin da na tarar, watau yara masu baki dabam dabam bisa benci guda. Ga ɗan Bahaushe, ga ɗan Bafilace wanda Fillanci ya sha a nono, Hausa kuwa a kasuwa ya tsince ta, galibinsu kuma sun riƙe allo kafin su riƙe fensir. Tashin hankalin da ya koro mutanen ƙauyuka da rugage zuwa cikin gari ya ƙara cakuɗa su.

Tun 1977 tsarin ilmi na Nijeriya ya ce a fara karantad da yaro da harshen uwa, ko da harshen da aka fi ji a garinsu. A 2022 aka ce a kai haka har aji shida, sa'an nan a 2025 Gwamnatin Tarayya ta soke wannan, ta ce Turanci za a riƙa yi. To, mu dai ƙananan malamai ne, dokar da aka ba mu ita muke bi. Amma fa ba dokar da za ta fid da harsunan nan daga kan yaro, sai dai malami ya more su ko ya yi hasararsu.

Ga misali. Bahaushe ba ya raba P da F, don haka sai ya karanta "pan" da "fan" kamar kalma ɗaya. Na yi mako biyu ina fama da wannan a banza. A can kusurwa kuwa akwai wani yaro ɗan ruga wanda ba ya ko tari, har na soma lissafa shi cikin daƙiƙai, Allah ya gafarta mini. Ran nan na tambaye shi yadda suke kiran mutum ɗaya na kabilarsu, ya ce Pullo. Masu yawa fa, ya ce Fulɓe. Ashe abin da ya gagari aji duka yana bakinsa tun yana goye! Na tsai da shi gaban allo, yana faɗi suna amsawa.

Shi ma da nasa tuntuɓen. A Fillanci kalma ɗaya ce, "o", take tsaya wa namiji da mace, shi ya sa yakan rikita "he" da "she". Nan kuwa ɗan Bahaushe ne gwani, gama ya saba da shi da ita, sai dai yakan zarce ya mai da tebur namiji, kujera mace.

Muryoyin nan biyu na TH da ke wahal da mu duka, wanda malaminsa na allo ya kyautata masa tajwidi ya riga ya san su, su ne ث da ذ. Rubuta su gefen allo, ka ga yadda harshe zai faɗa tsakanin haƙora da kansa.

Abin da na ƙi jini shi ne bulala ko tara don yaro ya yi harshensu cikin aji. Wanda aka doka sau biyu ba ya koyon Turanci, shiru yake koya, in kuwa uban ya ga shekara ta wuce ba amfani, sai ya mai da shi bayan shanu. Shi wancan yaro, ran da zan taso, shi ya karanta wa aji shafi guda, ya yi kuskure uku.