JAN ƘARAMIN JIRGI BAYAN BABBA

A madatsun ruwa na Mozage da Zango, bisa gulbin Majiya a ƙasar Ƙonni, da kuma tabkin Ɗan Dutsi, masunci ba shi da dukiyar da ta fi jirginshi. Amma wata rana jirgi ya kan yi yoyo, ko iskar hadari ta fi ƙarfin mai tuƙi. Sai a ɗaura shi bayan babba, a ja shi zuwa gaɓa. Nan ne ake yawan yin hasara.

In an ɗaura igiya can bisa, ko an tara taru da kifi gaba, hancin jirgin ya kan nutse, ya sha ruwa, ya kife. Ƙasa-ƙasa ake ɗaura ta ga hanci, a maida kaya baya. Igiyar kuma ta yi tsawo, don gajera tana sa ƙarami ya bugi babba in an tsaya. Tafiya sannu-sannu.

Ba a barin yaro cikin jirgin da ake ja, ko da ya iya iyo. Mutum guda shi zauna bayan babban jirgi, wuƙa ga hannu. In ƙarami ya cika da ruwa, shi yanke igiya tun bai kifar da su duka ba.