ILLAR KANGO GA DARAJAR GIDAN MAƘWABCI

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu da muke wucewa kullum a unguwanninmu ba tare da mun kula ba, wato kango. Kango shi ne gidan da masu shi suka tashi suka bar shi, babu mai shara, babu mai yaɓe, har ya soma zubewa. Mutane da yawa suna zaton hasarar kango ta mai shi ce kaɗai. Ni kuwa na lura maƙwabci ma yana da nasa kason, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Da farko dai, a tsofaffin biranenmu irin su Kano da Zariya da Katsina, gidaje a manne suke da juna, har sau da yawa katanga ɗaya ce ta raba gida biyu. Ginin ƙasa kuwa yana bukatar gyara kafin kowace damina. Idan indararon kango ya toshe ko ya karye, ruwa sai ya kwanta a kan soro, ko ya riƙa zuba a gindin katanga. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, sai gindin ya jiƙe ya zaizaye. Maƙwabci yana iya yaɓe nasa ɓangaren kowace shekara, amma ɗaya ɓangaren yana ci gaba da ruɓewa, har wata rana katangar ta faɗo. Haka nan gara, in ta gama da azarar kango, gidan kusa za ta nufa.

Na biyu shi ne lafiya. Da zarar an ga gida babu mai shi, sai a mayar da shi juji. Gwangwanaye da fasassun tukwane su tara ruwa, sauro ya yi ƙwai, cikin mako biyu ya zama mai cizo, ya kawo zazzaɓi. Ciyawa ta rufe tsakar gida, macizai da kunamu su sami mafaka. Ɓeraye ma ba a bar su a baya ba, kuma kada mu manta wani irin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969.

Na uku shi ne tsaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kango maɓoya ce ta 'yan shaye-shaye da 'yan caca, kuma ta nan ɓarawo ke hauro katanga cikin dare. Wannan ba a ƙasarmu kaɗai aka lura da shi ba. A 1982 waɗansu masana biyu na Amurka, James Wilson da George Kelling, sun yi bayani cewa idan aka bar taga guda a fashe ba a gyara ba, masu wucewa za su ɗauka babu mai kula da wurin, nan da nan sai a farfasa sauran.

To, ta yaya duk wannan ke taɓa kuɗin gida? Mai saye, in dillali ya kai shi, ba ɗakuna kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana duba dama da hagu. In ya ga kango, sai ya lissafta kuɗin gyaran katanga da na magani da fargabar ɓarayi, ya cire daga tayinsa. Waɗansu ma ba za su taya ba, masu taya kuwa in suka yi kaɗan, dole farashi ya faɗi. Haya ma haka take. Misali, a ce mutum yana da ɗakunan haya 6, sai 2 da ke jikin kango suka zauna babu kowa saboda danshi da wari. Ya yi hasarar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin hayarsa ke nan, alhali bai yi laifin komai ba.

Abin da ya fi jawo kango a wurinmu shi ne jinkirin rabon gado. Maigida ya rasu, magada su watse, wannan yana Legas, wancan yana Kaduna, kowa yana ƙyashin kashe kuɗinsa a kan abin da ba nasa shi kaɗai ba. Shekara ta bi shekara, gida ya zube.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, duk wanda ke maƙwabtaka da kango kada ya jira sai katanga ta faɗo. Ya nemi magadan cikin lumana, ya ba su shawarar su gyara, ko su sa ɗan haya, ko su sayar. In abin ya faskara, a kai wa mai unguwa, a sanar da duba-gari, magada kuma su je gaban alƙali a raba musu. Mu kuma ɗalibai mu daina zuba shara a kango, mu shiga aikin gayya in an kira. Allah ya ba mu maƙwabta nagari, amin.