Hannun da Ke Tuƙa Tuwo Ma Yana Gajiya

Kafin malmalar tuwo ta iso gaban maigida a karkara, hatsin ya sha hannu. An sussuke shi, an sheƙe, an surfa, an wanke, an kai niƙa ko an daka, an tankaɗe. Sannan a hura wuta, a yi talge, a jira ya nuna, a tuƙa da muciya, hayaƙi na shiga ido, wataƙila da goyo a baya. Miya kuma nata aikin daban. Cinsa bai fi minti goma ba. Da an wanke hannu, kwanukan su koma wurin wadda ta dafa.

Irin wannan aiki ba a lura da shi sai ranar da ba a yi shi ba. Shara, wanki, raino, jinyar tsoho, tashin dare saboda zazzaɓin yaro, duk ba su da albashi, ba su da ranar hutu, gobe kuma sai an sake su daga farko.

A shekarar 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a kan haka. Ta ƙiyasta cewa kullum ana kashe awa biliyan 16.4 a hidimar gida da kula da mutane ba tare da biya ba, daidai da mutum biliyan 2 su yi aikin awa takwas kyauta. Kashi 76 cikin 100 na aikin mata ke yi: mace na ba shi awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23. Wannan fa lissafin duniya ne baki ɗaya, har da gidaje masu famfo da injin wanki. Wadda ke jan guga a rijiya, ta yi girki da itace, ta wuce haka nesa ba kusa ba. A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Oktoba ta zama ranar tunawa da masu wannan hidima.

Amma ai ba sai an je Majalisa za mu san darajar wannan aiki ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana Faɗima ta koka da yadda dutsen niƙa ya yi wa hannunta illa, har ta nemi a ba ta mai taimako. Annabi (SAW) ya tako da kansa har gidanta, ya zauna, ya koya mata ita da Sayyidina Ali tasbihin da za su riƙa yi in za su kwanta. Wasu mazan nan kaɗai suke tsayawa, su ce mace ta yi haƙuri. Su ƙarasa karatun mana: Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) shi kansa yakan shiga hidimar iyalinsa, ya ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa. Shi ne kuma ya gargaɗi Abdullahi ɗan Amr, mai yawan azumi da sallar dare, cewa jikinsa na da haƙƙi a kansa. In ibada ma ba a yarda ta cinye jiki ba, ina ga wanke-wanke?

Iyayenmu sun san wannan. Mai jego takan samu kwana arba'in ana yi mata girki da wanki, mai haihuwar fari ma gidan iyayenta take komawa. Yanzu a birni, inda miji da mata ke zaune su kaɗai a gidan haya, sau da yawa ana gama suna ta koma bakin murhu. Kuma kunya ba ta barin ta faɗa. Ko an ce ina gajiya, amsar dai ba gajiya.

Don haka kada a jira ta yi ƙorafi. "Sannu da aiki" ba ta cin ko kwabo, amma ita kaɗai ba ta sauke ciwon baya. Maigida, karɓi yaron awa ɗaya ta runtsa. Sa samarin gidan su ɗebo ruwa, su wanke kwanon da suka ci, ba 'yan mata kaɗai ba. Ke kuma uwargida, in jiki ya ce ya gaji, ajiye muciyar ki kwanta, kwanukan ba inda za su.