Ciwon baya mai daɗewa: Shin tsira allurai irin na Sinawa na magani?

A Jimeta da Yola, ciwon ƙugu koke ne da aka saba ji daga bakin direbobin Keke Napep, 'yan dako da manoman bakin kogin Binuwai. Idan ya haura wata uku, likitoci na kiransa ciwo mai daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a shekarar 2020.

Cikin hanyoyin da ake gwadawa akwai akufanca, tsohuwar dabarar ƙasar Sin, inda ake tsira siraran allurai a wasu gurabe na jiki na ɗan lokaci. Ba a zuba magani ta cikinsu, ba a kuma fitar da jini kamar yadda wanzamai ke yi a ƙaho. Masana na ganin allurar na motsa jijiyoyi, jiki ya saki sinadaran da ke rage zafi.

Sai dai bakin masana bai zo ɗaya ba. Wani babban bincike da aka wallafa daga Jamus a 2007 ya gano cewa waɗanda aka tsira wa allurai sun fi masu jinyar da aka saba samun sauƙi, amma waɗanda aka tsira wa sama-sama, ba a guraben da Sinawa suka tsara ba, su ma sun samu kusan irin wannan sauƙin. A 2016 Ingila ta ba likitocinta shawarar kada su yi wa masu ciwon baya akufanca. A 2023 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da za a iya haɗawa da motsa jiki da tausa.

Ke nan zai iya rage zafi na wani lokaci, amma ba ya kawar da tushen ciwon. Don haka gwaji a asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama ko Asibitin Ƙwararru na Yola, shi ne matakin farko, musamman idan akwai zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, domin tarin fuka kan kama ƙashin baya.

Wanda ya zaɓi akufanca ya tabbatar ƙwararre ne zai yi, da sababbin allurai da aka ɓare a gabansa, domin allurar da aka maimaita na yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.