Abubuwan Da Uwa Za Ta Haɗa Wa Yaro Da Hannunta A Gida

Ƙasar Ƙaraye da Rogo ƙasa ce ta noma. Ana noman masara da dawa da gero. Ana noman gyaɗa da wake da waken suya. A fadamu akwai rake da dankali da kayan miya. Ga madatsar ruwa ta Kusalla, ga ta Chalawa wadda aka gama a shekarar 1992, inda masunta ke kamo kifi.

Duk da wannan albarka, ana ganin yara masu rama a ƙauyuka. Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a shekarar 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo.

Sau da yawa abincin yana nan a gida, haɗa shi ne ba a yi ba. Da kaka sai a kwashe gyaɗa da waken suya a kai kasuwa, a bar hatsi kaɗai a rumbu. Yaro kuma a riƙa ɗura masa koko tsararo. Cikin yaro ƙarami ne. In ya cika da ruwa, babu wurin abinci. Akwai abubuwan da uwa za ta haɗa da hannunta, da kayan da ke cikin gida, ta tsare ɗanta daga wannan hali.

WATA 6 NA FARKO

Daga haihuwa har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Ba ya bukatar kunu, ba ya bukatar ko ruwa, domin akwai ruwa isasshe a cikin nono. Idan ya cika wata 6 sai a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2. Daga wata 6 ɗin nan zuwa yaye ne yara suka fi faɗawa tamowa. A nan ne aikin hannun uwa ya fi amfani.

GARIN KUNUN YARA

Wannan gari ma'aikatan lafiya suna kiransa Tom Brown. Ba sai an saya ba. Ga abin da ake bukata:

Hatsi, awo 6. Gero ko dawa ko masara, ko a haɗa su.
Waken suya, awo 3.
Gyaɗa, awo 1.

Da abin da aka auna na farko, da shi za a auna sauran. In gwangwanin madara ne, gwangwani 6 da 3 da 1. In kwano ne, haka nan.

Hatsi yana ba da ƙarfi. Waken suya yana gina tsoka da jini. Gyaɗa tana da mai, ɗan kaɗan ɗinta yana ƙosarwa. Shi ya sa haɗin ukun ya fi kowane ɗaya shi kaɗai.

Ga yadda ake yi:

1. A tsince kowanne daban. A cire tsakuwa da ƙwayar da ta ruɓe. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita, kada a ba yaro. Fumfuna tana da dafi mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi.
2. A wanke hatsi da waken suya. A shanya su a kan tabarma mai tsabta, inda kaji da awaki ba sa kaiwa, har su bushe sarai.
3. A soya waken suya a kasko babu mai, da wuta kaɗan, ana juyawa har ya yi ja ya yi ƙamshi. Ɗanyen waken suya yana ɓata ciki, don haka a tabbata ya soyu har ciki. A ɓarza shi, a bushe ɓawon.
4. A soya gyaɗa, a murje ɓawonta. A ɗan soya hatsin shi ma sama-sama.
5. A haɗa su duka a kai inji a niƙa da laushi. A tankaɗe da rariya.
6. A baza garin ya huce, sannan a zuba a busasshen mazubi mai murfi.

Kada a yi da yawa a lokaci ɗaya. Saboda man gyaɗa, garin yana iya canja wari in ya daɗe. Gara a yi na mako 2 ko 3, in ya ƙare a sake.

YADDA AKE DAMAWA

A wanke hannu da sabulu. A ɗebi gari a kwaɓa da ruwan sanyi mai tsabta. A zuba a cikin tafasasshen ruwa, ana juyawa a kan wuta kamar minti 10 har ya nuna. Kunun ya yi kauri. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗebo a cokali a karkata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokali yana sauka a hankali, ya yi daidai.

Za a iya ƙara masa ɗaya daga cikin waɗannan: ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, garin busasshen zogale, dakakken busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, ko dafaffiyar kabewa da aka murƙushe. Yau wannan, gobe wancan. Sukari ko mazarƙwaila kaɗan ya isa. Kada a ba yaro zuma sai ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da cikin jariri ba ya iya yaƙa.

Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini. A fara da cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa. Daga wata 9 zuwa shekara 2 a ba shi sau 3 ko 4, tare da ɗan abin taɓawa kamar gwanda, mangwaro, ayaba, dafaffen dankali ko awara. A ba shi da cokali a cikin kwanonsa shi kaɗai, don a ga abin da ya ci. A daina ɗura. Ɗura tana iya tura kunu cikin huhun yaro. Kunun da ya kwana ko ya yini a buɗe kada a ba shi.

RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Gudawa tana zuƙe ruwan jikin yaro cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi kyau shi ne garin ORS na cikin 'yar leda, tare da ƙwayar zinki da ake sha kwana 10 zuwa 14. Ana samunsu a asibiti da kantin magani. Ya kamata kowace uwa ta ajiye a ɗaki.

In gudawa ta zo da dare babu ORS, sai a haɗa wannan:

Ruwa mai tsabta lita 1, wato kamar ledar ruwan sha guda 2. In ruwan rijiya ne a tafasa shi ya huce.
Sukari, ƙaramin cokalin shayi 6, a shafe bakin cokalin.
Gishiri, rabin ƙaramin cokali.

A juya har su narke. A ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gishiri mai yawa yana cutar da yaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, musamman bayan kowace gudawa. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya rage bayan kwana ɗaya a zubar, a haɗa sabo. Kada a daina ba shi nono ko abinci.

LAMBUN BAYAN ƊAKI

Ɗan fili kamar shimfiɗar tabarma biyu ya isa. A kewaye shi da kara ko ƙaya saboda dabbobi. A zuba takin gida da ya ruɓe. A shuka alayyahu da rama da yakuwa da kuɓewa. A sa kabewa ta hau danga. A dasa zogale guda 2 ko 3 a gefe, da gwanda in da hali. Ruwan alwala da na wankin hatsi ya isa ban-ruwa da rani. Inda babu fili, tsohon buhu ko fasasshiyar tukunya da aka cika da ƙasa da taki suna yi.

Ganyen zogale a inuwa ake shanya shi, domin rana tana rage masa amfani. In ya bushe a daka, a tankaɗe, a rufe a kwalba.

BUTAR WANKE HANNU

Yawancin gudawar yara daga hannu take shiga baki. Ga dabarar da ba ta cin kuɗi. A kafa gwafa biyu, a gitta sanda a kansu. A samo ƙaramar jarka mai mariƙi. A huda ta kusa da baki da ƙusa mai zafi. A zura sandar a mariƙin jarkar ta rataya. A ɗaura igiya a wuyanta, ɗaya bakin igiyar a ɗaura a jikin wani ice da ke ƙasa. Da an taka icen, jarka za ta karkata, ruwa ya tsiyayo. A rataya sabulu a gefe. In babu sabulu, toka ta fi babu. A zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya caɓe.

A kafa ta kusa da banɗaki. Yara suna ɗaukarta wasa, da haka wanke hannu ke zame musu jiki. Amma a kula: jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur a ciki ba ta shiga wannan aiki, ko an wanke ta.

KAYAN WASA

Yaro da wasa yake koyo. Wasa yana buɗe masa kai, yana sa shi saurin magana. Ba sai an sayo na kanti ba.

Ga mai rarrafe: a samo ɗan ƙaramin gora, a zuba tsakuwa kaɗan, a toshe bakin sosai yadda ba zai buɗe ba. Ya zama kacau-kacau. A dunƙule tsummoki masu tsabta a ɗinke, ya zama ƙwallo.

Ga ɗan shekara 2 zuwa 3: a ɗinka 'yar tsana da ƙyallen atamfa, a cusa mata auduga. Ido da baki a yi su da zare, kada a sa maɓalli ko dutsen ado, don yaro yana iya cirewa ya haɗiye. Ƙananan ƙore da ludayi da faifai su ma kayan wasa ne. Yana jera su, yana kifewa, yana gane babba da ƙarami.

Ga ɗan shekara 4 zuwa 5: bayan girbi ga kara ko'ina. Da ɓargonsa ake ƙera mota da gado da akurki. Bayan kara yana da kaifi, don haka babba ne zai fere. Da laka kuma yaro zai gina shanu da tukwane ya shanya a rana.

Uwar da ta iya karatu sai ta yanka tsohon kwali gida-gida. Ta rubuta baƙi ɗaya a kowanne da gawayi ko alli. Ta fara da baƙaƙen sunan yaron. Ta rubuta lambobi 1 zuwa 10, yaro ya riƙa ɗora murafan kwalba daidai da kowace lamba. Da dare kuma ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. In an gama a tambaye shi: wa ya yi wayo, wa ya sha wuya? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A lura da wannan: duk abin da zai shige bakin yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ba abin wasansa ba ne. Haka ɗanyen wake, ƙwayar gyaɗa, tsohon batir, leda da gwangwani mai kaifi.

LOKACIN ZUWA ASIBITI

Aikin gida yana da iyaka. A gaggauta kai yaro asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙafafunsa biyu sun kumbura, ya rame ƙwarai, ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da komai, akwai jini a bayan-gidansa, idonsa ya faɗa, yana suma ko jijjiga, jikinsa ya yi zafi, ko yana numfashi da sauri.

Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya. Rawaya gargaɗi ne, a ƙara abinci a kuma bi shawararsu. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Wannan kunun gida ba ya isar ta, sai magani da abinci na musamman na asibiti.

RABON MAIGIDA

Uwa ba za ta haɗa abin da babu ba. Kafin a ɗora buhu a mota zuwa kasuwa, maigida ya fara ware rabon yara. Waken suya kwano 3 da gyaɗa kwano 1, in an haɗa da hatsi kwano 6, sun ba da gari kusan kwano 10. Kuɗin waɗannan kwanuka huɗu bai kai na jinyar yaro ɗaya ba. A ajiye isasshe a busasshen wuri har ya kai damina, domin a tsakiyar damina ne rumbu ke yin ƙasa, ciwo kuma ke yawaita.

Matan gida ɗaya ko na unguwa ɗaya, daga Zarewa har Yammedi, za su iya haɗa kai. Wannan ta kawo hatsi, waccan ta kawo wake, a soya tare, a biya kuɗin niƙa tare, a raba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran awon, har kowa ta haddace: 6 da 3 da 1. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya.