Tsattsewar Teku Tsakanin Tsibiran Turai da Gaɓar Ghana

Tsuntsun teku yana iya yin watanni, wani ma shekaru, yana ci yana sha a kan ruwa bai taka ƙasa ba. Abu ɗaya ke tilasta masa sauka: saka ƙwai. Da yake yawancinsu a ƙasa suke yin gurbi, ba a kan bishiya ba, sai suka zaɓi tsibirai masu nisa da duwatsun tsakiyar teku, inda babu ɓera, babu kyanwa, babu ɗan Adam. Shi ya sa akan tarar da rabin wani jinsi ko fiye ya cunkusu a kan 'yan duwatsu ƙalilan. Wannan cunkoso shi ya sauƙaƙa ƙirga su, shi ne kuma ya sauƙaƙa halaka su.

Masu ƙidaya ba tsuntsaye suke bi ɗaya-ɗaya ba. Gurbi suke ƙirgawa, kowane gurbi mai ƙwai a matsayin namiji da tamata. Bayan ƙyanƙyasa sai a duba 'yan tsaki nawa suka yi fiffike, a sa musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin duk inda aka tsinci tsuntsun a san daga ina ya fito da kuma shekarunsa. Masana a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun tattara irin wannan ƙidaya daga sassan duniya, suka wallafa a 2015 cewa tsuntsayen tekun da ake sa wa ido sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1950 da 2010. Dangin tsattsewar teku ne suka fi kowa shan kashi.

Ƙidayar gurbi kaɗai tana iya yaudarar mai yin ta. Waɗannan tsuntsaye suna da tsawon rai, ba sa fara haihuwa da wuri, kuma ƙwai ɗaya ko biyu suke sakawa a shekara. Iyaye za su yi ta dawowa tsibiri shekara da shekaru, adadi bai motsa ba, alhali 'ya'yan ba sa rayuwa. Kamar garken shanu ne da ba a samun maruƙa: a ido yana nan cike, sai ranar da tsofaffin suka fara faɗuwa. Abin da ke faruwa ke nan a tsibirin Gough da ke can kudancin Tekun Atlantika, inda ɓerayen da jiragen ruwa suka kai a ƙarni na 19 suka koyi cin 'yan tsaki da ransu. An ƙiyasta ana asarar ƙwai da 'yan tsaki kusan miliyan 2 duk shekara. A 2021 aka watsa guba daga jirage masu saukar ungulu don a gama da su, amma kafin shekarar ta ƙare aka sake ganin ɓera. A tsibirin Ascension kuwa an yi nasara: an kawar da kyanwoyin da suka zama na daji, aka tabbatar da hakan a 2006, tsuntsaye suka fara komawa wuraren da suka ƙaurace wa.

Mafi kusa da Ghana cikin manyan wuraren haihuwa su ne duwatsun Tinhosas, kudu da tsibirin Principe, inda gurbi fiye da 100,000 na wata baƙar tsattsewar teku suke. Ita Ghana ba ta da irinsu. Rabonta a wannan harka shi ne saukar baƙi, kuma baƙon da ya fi jawo mata idon duniya wata 'yar farar tsattsewar teku ce mai baƙar hula da doguwar wutsiya mai rassa biyu, wadda ƙirjinta kan yi ruwan hoda lokacin haihuwa. Masana na kiranta Sterna dougallii. Tana saka ƙwai a watan Mayu da Yuni a wasu ƙananan tsibirai na Ailan, Ingila, Faransa da Azores. Da sanyi ya gabato sai ta yo kudu, ta bi gaɓar Moritaniya da Senegal har zuwa Ghana. 'Ya'yan da suka zo karon farko ba sa komawa da iyayensu. Sukan zauna a Afirka ta Yamma shekara biyu ko kusa da haka kafin su koma neman gurbi. Ke nan ƙuruciyarta duka a nan take yin ta.

Abin da ke kawo ta kifi ne. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙarƙashin teku a gaɓar Ghana ɗauke da abinci, ƙananan kifaye su yi yawa, musamman wanda ake kira amane. Shi ne dai kifin da ake bandawa a Elmina, Chorkor da Keta, a ɗoro shi a mota zuwa kasuwannin Kumasi, a daka shi cikin shito, a zuba wa wake da shinkafa a Zango. Masunta kan lura da inda tsuntsayen ke shawagi suna tsunduma, su san kifi na wurin.

A ƙidayar 1969 zuwa 1970 an sami gurbi kusan 2,400 na wannan tsuntsuwa a Birtaniya da Ailan. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun koma kimanin 550. Da aka bi sawun zobban, sai aka ga da yawa daga Ghana ake dawo da su, kuma mafi yawa na ƙananan tsuntsaye ne. Yaran ƙauyukan masunta ne ke kafa tarkon zarge a kan rairayi, su ajiye ɗan kifi, tsuntsuwa ta sauko ɗauka ƙafarta ta shiga. Wasu don nama, wasu don wasa kawai. Zai zama rashin adalci a ɗora wa yaran nan laifin duka, domin a can Turai ma ana ta rasa wuraren haihuwa: ɓeraye, manyan tsuntsaye masu cin ƙwai, masu yawon shaƙatawa, da guguwar da ta share wani tsibirin yashi a Wexford a shekarun 1970. Amma kashe tsuntsuwar da ba ta kai ga saka ƙwan farko ba asara ce da ba a cikewa da wuri.

A 1985 gwamnatin Ghana ta haɗa hannu da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da wata majalisar kare tsuntsaye ta duniya wadda daga baya ta zama BirdLife International, aka kafa shirin ceton tsuntsayen bakin teku. Masaniyar dabbobi Yaa Ntiamoa-Baidu, wadda ta zama farfesa a Jami'ar Ghana da ke Legon, ita ta ja ragamar aikin. An shiga ƙirga tsuntsaye a tafkunan gaɓa wata-wata, doka ta hana kama tsattsewar teku, amma abin da ya fi tasiri shi ne ƙungiyoyin 'yan makaranta masu kula da namun daji da aka fara a 1987. Yaron da aka nuna wa taswira, aka ce 'yar tsuntsuwar da ke hannunsa ta yi tafiyar dubban kilomita, ba ya bukatar ɗan sanda. Ƙidayar da aka tara ita ta sa a 1992 aka shigar da wurare biyar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu da Muni-Pomadze. Kafin su, Owabi da ke gefen Kumasi ta shiga tun 1988.

A ɗaya ɓangaren, an fara tsaron Rockabill a 1989. Duwatsu biyu ne da hasumiyar fitilar jiragen ruwa, arewa da Dublin, faɗinsu bai kai kadada ɗaya ba. Masu gadi kan kwana a can duk lokacin haihuwa, su share ciyawa, su kori tsuntsaye masu ɓarna, su jera ɗaruruwan ƙananan akwatunan katako, domin wannan tsuntsuwa ta fi son ɓoye ƙwanta a inuwa. Daga gurbi 180 a shekarar farko, adadin ya haura 1,500 kafin 2020. Tsibirin Coquet na Ingila, wanda 'ya'yan Rockabill suka taimaka wajen cika shi, ya kai gurbi wajen 150 a 2022.

Nasarar tana da rauni a cikinta, don mafi yawan na arewa maso yammacin Turai yanzu a Rockabill kaɗai suke. A 2022 murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta faɗa wa Coquet ta kashe manya da ƙanana, a 2023 kuma ta kashe dubban danginsu a gaɓar Senegal da Gambiya. Maganar kifi ma ta fi tarkon yara girma a yau. Amanen da ake kamawa a Ghana ya faɗo daga tan fiye da 130,000 a 1996 zuwa ƙasa da 30,000 a 2016, saboda yawan kwalekwale, kamun kifi da fitila cikin dare, da harkar saiko, inda manyan jirage masu jan koma suka riƙa kwashe ƙananan kifaye suna sayar wa 'yan kwalekwale a tsakiyar teku. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku ga ƙananan masunta na wata guda, daga baya aka mayar da hutun watan Yuli don ya dace da lokacin da kifin ke zuba ƙwai, gab da isowar tsuntsayen daga arewa.